Ɗakin Kwana Ba Rumbu Ba Ne

Ka shiga wani gida a Batsari ko Safana bayan kaka, ka ɗaga labulen ɗakin uwargida. Buhunan gero da wake sun kusa taɓo rufi. Ƙarƙashin gado ga kwanukan da suka huje, ga tsummokara, ga matacciyar rediyo, ga takalman da aka daina sawa tun yaran suna rarrafe. Bayan ƙofa an jingine jarkar fetur. Ɗan filin da ya rage a tsakiya, nan ake shimfiɗa wa yara tabarma. Da ka yi magana sai a ce: "Bar shi, wata rana zai yi amfani."

Na san abin da ya jawo haka. Ɓarayin da ke fitowa daga Dajin Rugu sun ƙone rumbuna sun kwashe hatsi, har manomi ya ga gara ya kwana da amfaninsa. Mutanen ƙauyuka sun gudo gari, iyali guda suna cunkushe a ɗaki ɗaya da komatsansu. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana sayar da mai a jarka saboda tsaro, a 2023 kuma aka cire tallafin mai, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya koyi ɓoye ɗan abin da ya samu. Duk na yarda. Amma wuta ba ta sauraren uzuri.

Maigida, fetur ɗin nan da kake ajiyewa don babur ko don bumburutu, tururinsa ya fi iska nauyi. Ƙasa yake bi, yana rarrafe har ya iske garwashin murhu ko maganin sauron da aka kunna. Ba sai wani ya taɓa jarkar ba. Ka manta Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, inda man tanka ɗaya ya ci rayuka sama da 150? Wannan a fili ne, inda akwai hanyar gudu. Ina ga ɗaki mai ƙofa ɗaya, rabinta kuma buhuna sun tare?

Sai ƙwayar maganin ƙwarin da ake jefawa cikin buhun wake, wadda ake kira bom. Da ta sha danshi sai ta saki iska mai guba, buhun leda kuma ba ya riƙe ta. Ta kashe ƙwaro, ta kuma shiga huhun jaririn da ke kwance gefen buhun, alhali wannan guba ba ta da makari. Wanda ya sa ta a ɗakin da ake kwana ya yi ganganci da rai, kada ya zo yana cewa ƙaddara ce. Ga buhu mai ciki uku da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba tare da magani ba. Kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.

Uwargida, ke ma ki ji. Tarkacen da kika hana a fitar ya zama gidan ɓera, ɓera kuwa da fitsarinsa da kashinsa yake yaɗa zazzaɓin Lassa cikin abinci. Nan kunama ke laɓewa, nan maciji ke biyo ɓeran. Tsoffin robobi da tayoyin da ke bayan ɗaki, da damina ta sauka, su ne wurin ƙyanƙyasar sauro. Kwanon da ya shekara biyar ba a ci a ciki ba, me kike jira da shi? Ga 'yan gwangwan suna yawo kullum, ki sayar. Tufafin da suka yi wa yaranki kaɗan, ga marayun 'yan gudun hijira a maƙwabtanki suna kwana cikin hunturu da riga ɗaya. Kina tara wa gara, su suna rawar ɗari. Wannan rowa ce, ba tattali ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A fitar da mai daga ɗakin kwana yau, a ajiye shi nesa da murhu. A ware wa hatsi wurinsa, a ɗora shi kan katako. A bar bakin ƙofa da taga a buɗe. Limamai su faɗa a huɗuba, masu unguwannin ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, wato Batsari da Safana, su bi gida-gida su duba.

Mun binne mutane da yawa a wannan yanki saboda bindigar da ta fi ƙarfinmu. Jarkar da ke bayan ƙofa ba ta fi ƙarfinmu ba. Tashi ka ɗauke ta kafin yaran su kwanta.