A bar wa ɗan gari kujera ɗaya a motar sintiri, amma ba kowace mota ba

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo. Akwai wani tsari da 'yan sanda ke yi a Amurka da wasu sassan Ingila. A ganina rabinsa zai yi mana amfani a yankin Funtua da Malumfashi, ɗaya rabin kuma in muka kwafo shi ido rufe, jana'iza zai ƙara mana. Ku kai ƙarshe kafin ku hau ni da faɗa.

2/ Tsarin shi ne: farar hula ya cike fom a ofishin 'yan sanda, a binciki tarihinsa, ya sa hannu cewa ya san akwai haɗari, sannan a ba shi kujera a motar sintiri na 'yan awanni. Ba ya riƙe makami, ba ya kama kowa. Kallo da sauraro ne aikinsa. Ɗalibai suna yi, 'yan jarida suna yi, har kansiloli.

3/ Wani zai ce ai mu mun riga su. Gaskiya ne, a wata fuska. Duk wanda ya san Faskari, Sabuwa, Ɗandume ko Ƙanƙara ya saba ganin ɗan banga ko mafarauci a bayan Hilux ɗin jami'an tsaro. Jami'in da aka turo daga nesa bai san burtali ba, bai san mashigar rafi ba. Ɗan gari ne ke nuna hanya.

4/ Gwamnati ma ta mayar da abin na hukuma. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da Community Watch Corps da matasa 1,466, aka ba su motoci da babura, suna fita tare da 'yan sanda da sojoji. Zamfara ta biyo baya da Askarawa a Janairun 2024. Da yawa cikin yaran nan sun rasa rayukansu suna kare mu. Allah ya jiƙansu.

5/ To amma ku lura da bambancin. Ɗan banga da ɗan C-Watch suna cikin aikin ne dumu-dumu. In an yi daidai da su aka yi, in an yi ɓarna da su aka yi. Wanda hannunsa ke cikin aiki ba zai zama shaida a kan aikin ba. Mun cika bayan mota da mayaƙa, kujerar mai kallo kuwa babu kowa a kanta.

6/ Me ya sa na damu da wannan kujerar? Saboda bayanai. Ɗan bindiga ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai manomin da ya ga babura sun ratsa gefen gonarsa da la'asar. Akwai mai shagon da ya lura wani na kwasar burodi da fetur fiye da ƙima. Mutanen nan sun gani, amma galibi sai su ja bakinsu su yi shiru.

7/ Tsoro biyu ne ke rufe musu baki. Na farko, ka kai rahoto a mayar da kai abin zargi, ka kwana a sel, 'yan uwanka su fara neman kuɗin belin da aka ce kyauta ne. Na biyu ya fi muni: ka faɗi magana da safe, kafin magariba ta isa daji, har da sunanka. Rubuta "ɗan sanda abokinka ne" a bango ba zai cire wannan tsoron ba.

8/ Gani ya kori ji. In mutumin unguwarku, wanda kuke sallah sahu ɗaya, ya yini a caji ofis da shingen bincike, ya dawo ya ce "na ga yadda ake karɓar rahoto, na ga littafin da ake rubutawa, na ga wanda ke iya buɗe shi", maganarsa ta fi sanarwar rediyo goma nauyi. In kuma ɓarna ya gani, ita ma gara mu sani.

9/ Ku ɗauki lokacin kaka. Motocin masara da waken suya na fitowa daga Ɗandume da Bakori, tumatir na fitowa daga Ɗanja. Direban da ya ɗauko tumatir ba ya iya jayayya a shinge, don kowace awa a rana asara ce. Sai ya miƙa na goro ya wuce. A ƙarshe kuɗin nan a kan manomi da mai saye yake faɗawa.

10/ Yanzu ku sa malamin makaranta da wakilin direbobi a gefen wannan shingen, da biro da takarda. Ba sai sun ce uffan ba. Hannun da ya saba miƙuwa zai yi nauyi. Ɗan sandan kirki kuma, wanda shi ma abin ke damunsa amma yana tsoron ogansa, ya samu hujjar cewa "yau da baƙi."

11/ Akwai kuma abin da mu ba mu gani. Mai kallon zai ga mota ɗaya tana hidimar ƙauyuka da yawa, taya ta suɗe, allurar mai tana ƙasa. Zai ga yadda damina ke mayar da tafiyar minti ashirin ta awa biyu. 'Yan sandan Najeriya kusan 370,000 ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma kaso mai tsoka na gadin manya.

12/ Wannan sanin yana da amfani. In mun zo nan muna rubuta "an kira su ba su zo ba", ya kamata mu san wa za mu tuhuma. Sakacin DPO ne? Man mota ne babu? Hanya ce ta yanke? 'Yan sanda na tarayya ne, jiha ke yawan sayen motoci, ƙaramar hukuma ke taɓa ɗan abin mai. Fushin da bai san inda zai dosa ba, kowa kauce masa yake.

13/ To ga rabin da ke ba ni tsoro. Motar sintiri a wata unguwa a Amurka daban, motar sintiri a hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara daban. A nan motar kanta ita ake hari. Kwanton ɓauna ake yi mata. Duk wanda ya ce a sa farar hula babu horo a sintirin daji ko na dare, wallahi bai san yankin nan ba.

14/ Kuma haɗarin ba ya ƙarewa in an sauka daga mota. Ku tuna Unguwar Mantau a Malumfashi, 19 ga Agustan 2025, aka buɗe wa mutane wuta suna sallar asuba. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin ya ce aƙalla mutum 50 aka kashe. Gwamnatin jiha ta ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa maharan.

15/ Darasin mai ɗaci ne. A karkararmu, duk fuskar da aka gani tana taimakon jami'an tsaro an yi mata alama, kuma sau da yawa gari guda ne ke biyan bashin. Saboda haka ɗaukar ɗan ƙauye a zagaya da shi a Hilux kowa na kallo ba gata aka yi masa ba. Za a koma bariki a bar shi da iyalinsa.

16/ Sai matsalar infoma. Wanda ya shiga mota zai san lokacin fita, hanyar da ake bi, mutum nawa ne a ciki. A Satumban 2021 sai da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua, Bakori da Malumfashi, duk saboda masu kai wa daji labari. Mun sha wahalar nan, ba mu manta ba.

17/ Sai kuma mu kanmu, 'yan waya. Ku faɗi tsakani da Allah, in aka ba yawancinmu kujerar nan, me za mu fara yi? Hoto. Sai bidiyo kai tsaye a TikTok, ga lambar mota, ga fuskokin jami'ai, ga daidai inda aka tsaya. 'Yan bindigar ma suna TikTok fa. Ka yi musu aikin infoma kyauta don neman mabiya.

18/ Saboda haka ga abin da nake goyon baya, da iyakarsa. WURI: cikin gari, da rana. Funtua, Malumfashi, Bakori, Ƙafur, Ɗanja. Sintirin ranar kasuwa, shingayen bakin gari a babban titi, kantar caji ofis da sel. Daji, dare da samame, a bar wa masu horo.

19/ WANE NE: mutum biyu a lokaci guda, daga ɓangarori daban. Mai unguwa da dagaci su tsaya wa mutum, hukuma ta bincike shi. A ɗauko daga 'yan kasuwa, direbobi, manoma, malamai, lauyoyi, matasa. A sa mata, musamman a ziyarar sel, don akwai abin da mace a tsare ba za ta faɗa wa namiji ba.

20/ Kuma a riƙa juyawa, da ƙuri'a in ta kama. Mun san halinmu. In aka bar wa ciyaman da kansila su zaɓa, cikin wata biyu kujerar ta zama ta yaran siyasa, sai ka ji ana neman alawus da katin shaida na yin barazana a tasha. Babu albashi daga ofishin da kake sa wa ido. Wanda ya ci tuwonka ba ya ganin laifinka.

21/ Ga inda wasu za su ji haushina: a sa wakilin ardo. Matashin Bafulatani da ya shigo kasuwa sayen gishiri da dusa, a tare shi don kamanninsa kawai, shi ma ɗan jihar nan ne. Kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a a Zamfara da Katsina yana cikin abin da ya hura wutar da muke ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

22/ Shi ya sa nake cewa kujerar nan kada ta tsaya kan 'yan sanda kawai. 'Yan C-Watch da 'yan banga su ma suna tare mutane, suna kama mutane a cikin gari. Mai ƙaunarsu da gaske shi ne zai so a samu shaida a kan aikinsu, don ranar da aka yi musu ƙazafi a samu mai cewa "ina wurin, ba haka aka yi ba."

23/ ƘA'IDA: waya a ajiye ta a ofis. Babu makami. Babu sa baki a kamu. In an dawo, a rubuta rahoto: mota nawa aka tsayar, an karɓi kuɗi ko a'a, mutum nawa a sel, kwana nawa suka yi, an kai su kotu ko a'a. Duk wata a karanta a gaban kwamiti, a fitar da taƙaitawa ba tare da sunan kowa ba.

24/ Ba sabuwar doka muke nema daga Abuja ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu a Satumban shekarar, ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma har zuwa matakin DPO. A 2020 ɗin aka amince da naira biliyan 13.3 don wannan shiri. Kwamitin PCRC kuwa tun 1984 yake. Su waye mambobinsa a garinku? Ka taɓa ji?

25/ Sashe na 34 na dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ce alƙalin majistare ya riƙa duba ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ya ga waɗanda ke tsare. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake jaddada hakan. Wato doka ta riga ta yarda cewa idon waje na da amfani. Faɗaɗa shi kawai nake cewa a yi.

26/ Ingila ma daga rikici ta koyo. Bayan tarzomar Brixton a Landan a 1981, rahoton Lord Scarman ya ba da shawarar a bar mutanen gari su riƙa shiga ofisoshin 'yan sanda ba sanarwa, su duba masu tsare. An fara a matsayin gwaji, a 2002 ya zama doka. 'Yan sa-kai ne na gaske, makaminsu biro.

27/ Na san abin da wani ke bugawa yanzu: "Ana kashe mutane, kai kana maganar biro da takarda." Ɗan uwa, ban ce wannan zai hana hari ba. Hari sai sojoji, sai kayan aiki, sai hanya mai kyau. Amma a daren 11 ga Disamban 2020 an kwashi yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ayari irin wannan ba ya ratsa karkara babu wanda ya ji motsi.

28/ Jirgi da bindiga suna aiki ne bayan an samu labari. Labarin kuma yana bakin manomi, mai shayi, ɗan acaɓa, matar da ta je itace. Muddin suna ganin zuwa caji ofis ya fi yin shiru haɗari, kullum a makare za a riƙa isa. Kujerar da nake magana a kai gyaran wannan gurbin ce kawai.

29/ Ga kuma sulhun da aka yi ta yi a ƙananan hukumomi da dama a 2025. Ko kana goyon baya ko ba ka yi, sakamakonsa shi ne mutanen da suka daɗe ba su haɗu ba sun koma haɗuwa a kasuwa ɗaya. A irin wannan yanayi, mari ɗaya a shinge ko kamu ɗaya bisa kuskure ya isa ya tayar da gari. Nan ne shaidar da kowa ya yarda da ita ke da tsada.

30/ Shawarata mai sauƙi ce. A gwada a ofishin DPO ɗaya na wata uku, a Funtua ko Malumfashi, lokacin kaka da motocin hatsi suka fi yawa. Kwamishinan 'yan sanda ya ba da izini, hakimi da PCRC su tsara sunaye, a karanta rahoto a bainar jama'a. In bai yi amfani ba a daina, asarar biro da takarda ce.

31/ Ku kuma matasa, kafin ku tura wannan gaba, yi abu ɗaya cikin satin nan: tambayi mai unguwarku ko kansilanku su waye 'yan PCRC na garinku, kuma yaushe suka zauna na ƙarshe. Ku dawo nan ku gaya mana amsar da kuka samu, da sunan garin kawai, ban da sunan mutum. Allah ya zaunar mana da yankinmu lafiya, ya ba manoma ikon kwashe amfaninsu cikin aminci.