Tumbi Ba Shi Ne Arziki Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata muguwar al'ada da ta yi mana kaka-gida, wadda ya kamata mu tone ta tun ba ta binne mu ba. Da zarar ɗayanmu ya karɓi digiri, aka ba shi tebur da kujera a ofis, sai ya ɗauka tafiya da ƙafa ƙasƙanci ce. Fayil ɗin da zai kai ofishin da ke kusa, sai masinja. Masallacin da ke bayan gida, sai a mota. Bayan shekara biyar tumbi ya fito, wuya ya yi taiba, dangi na ta murna wai yaro ya samu duniya. Mu kuwa muna cewa abin da ya samu yana iya zama hanyar kabari.

Ba da ka muke magana ba. A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas-bas na Landan su wajen 31,000. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana wuni yana hawa da sauka a matakalar bas mai hawa biyu. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi kashe su farat ɗaya. Da ya juya ga ma'aikatan gwamnati, ya tarar masu yawon raba wasiƙu sun fi akawuna da masu haɗa tarho tsira. Shi kansa Morris ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Wani zai ce ai ya buga ƙwallo a sakandare, jikinsa ya ƙeru. To, ya saurara. A 1978 Ralph Paffenbarger ya fitar da bincike a kan tsofaffin ɗaliban Jami'ar Harvard ta Amurka kusan 17,000. Ya gano cewa wanda ya yi fice a wasanni yana ɗalibi, sannan ya zauna bayan ya gama, bai samu wata kariya ba. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya ci gaba da motsawa. Lafiyar zuciya ba a ajiye ta a banki kamar kuɗin fansho.

Dalilin a fili yake. Zuciya tsoka ce, kuma tsoka da aiki take ƙarfi. Mai tafiya da sauri ko gudu ko tuƙa keke a kai a kai, zuciyarsa takan tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta wahala. Hawan jini yakan sauka, jiki yakan ƙone sukari yadda ya kamata, kitsen da ke taruwa yana toshe jijiyoyin jini ya ragu. In jijiyar zuciya ta toshe, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyi sun kashe mutum kusan miliyan 18 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi irin namu.

Masu cewa ba lokaci, hukumar nan minti 150 kacal ta nema a mako, watau rabin awa sau biyar. Wannan bai kai rabin abin da muke ɓatawa a kan waya a wuni guda ba. Masu cewa kowa da kwanansa, gaskiya ne, amma su ma suna duba hanya kafin su tsallaka titi.

Laifin kuma har da mu shugabannin ɗalibai. Muna kashe kuɗin ƙungiya a kan bukukuwa da lasifika, alhali filin wasa ya cika da ciyawa. Mun bar 'yan'uwanmu mata ba su da wurin da za su motsa jiki cikin sutura da mutunci, in kuwa ɗaya ta fito tafiyar safe sai samari su bi ta da ido da gori. Wannan abin kunya ne gare mu.

Saboda haka muna kira ga majalisar ɗalibai ta gyara filaye, ta keɓe wa mata lokaci nasu, ta kuma shirya awon hawan jini kyauta kowane zango. Mai jin ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama ya fara ganin likita kafin ya fara gudu. Sauranmu kuwa, gobe da asuba mu ɗaura takalmi, mu bar mai a-daidaita-sahu ya wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in kunne ya ji kuma jiki ya tsira.