Mota na ajiye, batir na mutuwa: darasin ƙarfe biyun dare

Yau na ɗan kauce daga maganar rigakafi da abincin yaye, zan shiga gonar bakanikai. Ku yi haƙuri ku bi ni, za ku ga inda zancen ya haɗu da aikin asibiti.

A damunar da ta wuce, wajen ƙarfe biyun dare, aka yi ta dukan ƙofarmu a nan Unguwar Kanawa. 'Yar maƙwabciyata ce tana kuka: "Anti Nas, Umma ce, naƙuda ta zo kuma jini take zubarwa." Mijinta soja ne, yana wajen aiki a arewa maso gabas. Nawa maigidan shi ma ya yi tafiya, amma motarsa na tsakar gida a lulluɓe, ga mai a ciki, ga makulli a hannuna. Muka kamo baiwar Allah muka kwantar a baya. Na murɗa makulli, sai "ƙas-ƙas-ƙas", fitilu suka dushe, shi ke nan. Makonni shida ba wanda ya tayar da ita. Ga ta otomatik, turawa ba ta tayar da irinta.

Daga gidanmu zuwa asibitin Kawo tafiyar 'yan mintoci ce, amma sai da muka ɓata fiye da rabin awa kafin mu taso wani mai keke daga barci. Allah ya yi da sauran kwana, ta sauka lafiya bayan ƙarin jini. Ni da na san saurin da zubar jini ke tafiya da mace, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da yawa sun jingine mota sun koma hawa keke, ana cewa "a bar ta saboda larura". To, motar larura da ba ta tashi ba ta da maraba da turmi. Kuma mu mata ne ke gida in larurar ta zo.

Me ke cinye batir alhali mota na kashe? Abu biyu. Na farko, ko ba a taɓa shi ba, batir yana zubar da cajinsa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri, musamman irin na Maris da Afrilu. Na biyu, agogo, rediyo, ƙararrawar ɓarayi da na'urar bin sawun mota duk suna ɗan tsotsa dare da rana. Mu ma muna ƙarawa: an ɗauke wuta, sai a tura yara su yi cajin waya a mota. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, daga nan injin ya mayar masa. Duk lokacin da ya zube ƙasa warwas ya daɗe a haka, wani sashe na ƙarfinsa ya tafi ke nan, ko an yi caji ba zai koma kamar da ba.

A Turai da Amurka akwai masu motocin nan da ke da ɗakin kwana da kicin a ciki, waɗanda ake ajiyewa tsawon lokacin sanyi. Dabarunsu su ne namu, guda uku, ki zaɓi wadda ta dace da gidanki.

Ta farko, a fita da motar sau ɗaya a mako, a yi tafiyar minti 20 zuwa 30. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne in kunna ta minti 5 a tsaye in kashe. Wannan ba ya isa ya cika batirin. Ki haɗa fitar da wata buƙata, kamar cefane a Kasuwar Barci ko kai yara Islamiyya, don kada man ya tafi a banza.

Ta biyu, in motar za ta wuce mako biyu ba a hau ba, a cire kan batir. Ki kashe mota, ki zare makulli, ki buɗe bonet. Kan da ke da alamar ragewa, mai baƙar waya, shi ake cirewa, yawanci da sifana lamba 10. Ki kautar da wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba. Ki bar sifanar a cikin mota, domin ranar gaggawa mayarwa ba ta fi minti biyu ba. Sai dai ki sani, agogo zai ɓace, ƙararrawa kuma ba za ta yi aiki ba.

Ta uku, ƙaramin faifan sola mai wat 5 zuwa 10 da ɗan akwatin da ke hana caji ya wuce ƙima. Da irin wutarmu mai zuwa da tafiya, wannan ya fi caja ta bango. Ki sa mai wayarin mota ya haɗa miki.

In an kai wa mai batir, a unguwa ko a Panteka, ki ce ya auna a gabanki. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya sauka zuwa 12.2, rabi ya tafi. In ana kunne da inji, ya kamata a ga kusan 14. In ba a gani ba, motar ce ba ta caji, sabon batir ma haka zai mutu.

Yanzu ga maganar ma'aikaciyar jinya. Cire zobe da awarwaro kafin ki sa hannu. Ƙarfe in ya haɗa kawunan batir biyu yana yin ja nan take, ƙunar kuma mai zurfi ce. Kada a haska da ashana ko kyandir, batir na fitar da iska mai kamawa da wuta. Ruwan cikinsa asid ne: in ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti. Kada a kunna mota a rufaffen gareji ko a gindin tagar ɗakin yara, gubar hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, tana kwantar da mutum. Tsohon batir kuma a mayar wa masu saye, akwai dalma a ciki, ba abin wasan yara ba ne.

Mai ciki, daga wata na takwas, ki sa motar a lissafin kayan haihuwa. Kowace Juma'a a tayar a zaga, a bar mai aƙalla rubu'in tanki, kuma ki ajiye lambar mai keke biyu da suka amince ki tashe su da dare. Ni yanzu Asabar da safe ce ranar motata, ko maigida na nan ko ba ya nan.

Ke fa, yaushe rabon da a tayar da taku? Ki je ki murɗa makullin yau da rana tsaka, sannan ki dawo ki ba mu labari. Allah ya tsare mana iyalanmu, ya raba mu da tashin hankalin dare. Sai mako mai zuwa.