Tsohuwar Kujera Ba ta Bola Ba Ce

Idan mutum ya leƙa bayan gidaje da yawa, ko a Kano, ko a Legas, ko a Inugu, zai tarar da tsohon tebur ko kujera a jingine da bango, rana tana dukan su, ruwa yana dukan su. In ya tambayi maigidan dalili, sai ya ce sun tsufa. Amma da zai duba da kyau, sai ya ga katakon lafiyarsa lau. Fenti ne kawai ya ɓare, ko kuwa ƙusa ɗaya ce ta fita. A ra'ayina, zubar da irin waɗannan kaya asara ce. Ya kamata mu koyi gyara su da hannunmu, mu kuma daina jin kunyar sayen kayan kwance.

Dalilina na farko shi ne ƙarko. Kafintocin da sun fi yin aiki da katako mai tauri, irin su maɗaci da loko da kawo. Kayan da aka yi da su kan shekara talatin ko fiye ba su girgiza ba. Yawancin kayan zamani masu ƙyalli kuwa, da garin katako ake yin su. A kwaɓa shi da gam, a matse, a lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Da zarar ruwa ya shiga shi sai ya kumbura, ya fara zuba, ƙusa ma ba ta kama shi. Wanda ya sayar da tsohon kabad na maɗaci don ya sayi irin wannan, ya ba da gari ne ya karɓi dusa.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Kowa ya san wahalar da iyaye suke sha wajen haɗa wa amarya kayan ɗaki. Wani uban yakan ci bashi, wani ya sayar da gona, don kada a ce 'yarsa ta shiga ɗaki da tsohon gado. Biki ya ƙare cikin mako ɗaya, bashi ya shekara yana bin sa. Alhali gadon uwar yana nan, ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi da samfefa sun isa su mayar da shi abin sha'awa. Haka ɗalibin da ya kama ɗakin haya, ko ma'aikacin da ya soma aiki. Me zai hana su fara da na hannu kafin aljihu ya yi nauyi?

Dalili na uku ya shafi dazuzzukanmu. Kowane tebur itace ne da aka sare, kuma bishiyar maɗaci takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa yanka. Dubi abin da ya sami maɗobiya. An yi ta sare ta a jihohi irin su Taraba ana kai wa ƙasar Sin, har a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka amince a sanya ta cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido. Duk wanda ya ƙara wa tsohuwar kujera shekara goma, ya bar wata bishiya a tsaye.

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Da farko a duba kayan sosai. In an ga ƙananan ramuka da gari yana zubowa, to gara ko wasu ƙwari sun ci cikinsa, sai a yi magani ko a haƙura da shi. A ɗaure duk inda ya saki da gam ko ƙusa. A wanke shi da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Sai a goge shi da samfefa, ana bin tsawon jijiyar katakon, domin fenti ba ya zama a kan santsi ko maiƙo. A share ƙurar, a shafa fentin shimfiɗa, sannan a bi shi da fentin da ake so sau biyu, kaɗan kaɗan. Idan fenti mai mai ne, a bar shafin farko ya kwana kafin a yi na biyu. Mai gaggawa yakan lafta shi da kauri sau ɗaya, sai ya zubo ya yi tabo. A kuma lura da yanayi. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, laimar damina kuma tana hana shi bushewa da wuri.

Masu wani ra'ayi suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na yarwa ba. Wasu suna cewa tsofaffin kaya sukan zo da kuɗin cizo. Gaskiya ne, musamman gado da kujerun kushin. Don haka kada a shigar da su ɗaki sai an bincika lungunansu, an yi musu feshi, an shanya su a rana. Wasu kuma suna cewa fenti yana ɓoye kyawun katako. Wannan ma na yarda. In katakon yana da zane mai kyau, a goge shi a shafa masa man katako ya fi. Fenti na wanda ya yi tabo ne ko ya koɗe.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta lafiya. Wasu fenti, musamman tsofaffin masu mai, suna ɗauke da dalma, wadda guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Mun ga illarta a Zamfara a shekarar 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya mai ɗauke da dalma ta hallaka yara fiye da 400. Saboda haka a yi gugar a fili, ba cikin ɗaki ba. A jiƙa tsohon fentin don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci da baki da takunkumi, a nisantar da yara da mata masu ciki, a wanke hannu kafin a ci abinci. Kada a ƙona fenti da wuta don a cire shi. Wajen sayen sabo kuma, a nemi wanda aka rubuta cewa babu dalma a cikinsa.

Abin da ya rage shi ne maganar mutane, wato "a ce". To, wanda zai ce ba shi zai biya bashin ba. Ɗalibai, ku duba ajinku, za ku ga benci ɗaya ko biyu da aka jefar a lungu. Ku nemi izinin malaminku, ku haɗa kuɗi kaɗan, ku gyara ɗaya a ƙarshen mako. Za ku sami wurin zama, ku kuma sami sana'a a hannu. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.