Harafi Ɗaya Da Ke Cinye Ajiyar Jiya

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tun shekarar 1952 kamfanin IBM ya fito da na'urar da ke rubuta bayanan kwamfuta a kan zaren kaset, har yau kuwa manyan ma'aikatu ba su rabu da shi ba. A watan Fabrairun 2011 wasiƙun waɗansu masu amfani da Gmail suka ɓace saboda kuskuren manhaja, to daga kaset kamfanin Google ya dawo musu da su. Irin wanda ake kira LTO ya soma a 2000 da gigabait 100, na tara kuwa da ya fito a 2021 yana ɗaukar terabait 18.

Amma fa sayen na'urar ba shi ne ajiya ba, wurin ɗaura ta ga babbar kwamfutar ofis, wadda ake kira uwar garke, nan gizo ke saƙar. Da farko ma'aikaci zai haɗa ta da wayar SAS, sa'an nan ya tabbata manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta gane ta. Mai aiki da Windows Server ya sani cewa tun fitowar ta 2008 manhajar ajiyar da ke zuwa tare da ita ta daina rubutu a kaset, sai an nemo wata dabam.

A kan Linux kuwa, na'urar guda ɗaya takan bayyana da suna biyu, watau /dev/st0 da /dev/nst0. Bambancinsu harafi ɗaya ne tak, amma a kansa dukiyar ma'aikata ta rataya. Sunan farko yakan mai da zaren farkonsa duk sa'ad da aka gama aiki, na biyu kuwa yakan bar shi inda ya tsaya. Saboda haka wanda ya rubuta lissafin albashi ran Litinin ta sunan farko, ya sake rubuta wani ran Talata, to na Talata ya hau kan na Litinin ya shafe shi, ba kuwa wata ƙara da na'urar za ta yi ta gargaɗe shi. Har ila yau, ko da sunan na biyu ne, in an cire kaset an mayar, zaren yana farko. Sai a umurci na'urar da mt ta tafi ƙarshen abin da aka rubuta, kafin tar ta soma zuba sabo.

Bayan wannan sai gwaji, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wajibi ne lokaci lokaci a ɗauko kaset a dawo da fayil ko da guda ɗaya, a buɗe shi a gani da ido. In an tabbata, a tura ɗan makullin da ke gefensa mai hana rubutu, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a kai shi wani gini dabam inda ba zafi, ba ƙura, ba laima. Kaset ɗin da ke cikin akwati ɓarayin intanet ba su iya kai masa hannu, gobarar da ta cinye ofis kuma ba ta same shi ba. Allah Ya kiyaye.