Darasi Daga Otal Ɗin 2 Ga Fabrairu Na Lome

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Lome sarin atamfa ko fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, ya ga dogon benen nan mai tsawon mita 102 a tsakiyar gari, wato Otal ɗin 2 Ga Fabrairu. Tarihinsa ya kamata ya zame mana abin lura.

Sunan ya samo asali ne daga ranar 2 ga Fabrairun 1974, lokacin da Shugaba Eyadema ya koma Lome bayan ya tsira daga hatsarin jirgin sama a Sarakawa, ya kuma mayar da haƙar ma'adinin fosfat, wanda ake takin zamani da shi, hannun gwamnati. A shekarar farashin fosfat ya yi tashin gwauron zabi, hukuma ta shiga manyan gine-gine. Kafin a buɗe otal ɗin a 1980 farashin ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasar katutu.

Ba mu ce bai yi rana ba. Ya sauki baƙi a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na shekarar 2000, inda aka amince da kafa Tarayyar Afirka. Amma rashin kulawa ya sa ya lalace. Aka miƙa shi ga wani kamfanin Libiya, gyara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har gwamnati ta karɓe abinta a 2014, aka sake buɗe shi a 2016.

A watan Janairun 2013 kuwa, gobara ta cinye manyan kasuwannin Kara da Lome. Ranar da aka buɗe otal, matan da suka yi asarar jarinsu suna nan a rumfunan wucin gadi.

A ganinmu, arzikin Lome yana tashar jiragen ruwa, da kasuwa, da hanyar da ta nufi Sinkase, inda motocin kaya ke bi zuwa ƙasashen arewa. Kuɗin kwastan da harajin da 'yan kasuwa ke biya su ne ke riƙe da baitulmali. Don haka muna kira ga gwamnatocin yankinmu, duk sa'ad da aka samu rarar kuɗi, a fara da hanya, da rumfuna masu inganci, da motocin kashe gobara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su daina yin shiru lokacin da ake tsara kasafin kuɗi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.