Sa'adu da Karkatacciyar Sanda: Haƙƙin Rubutun Hausa a Rumbun Bayanai

A wata masana'antar jimar fata da ke Chalawa na taɓa ganin magatakarda yana neman sunan wani lebura, mu kira shi Sa'adu, cikin rumbun bayanan albashi. Kwamfuta ta ce babu shi, alhali ga mutum tsaye yana jiran haƙƙin guminsa. Da aka bincika, sai aka tarar an adana sunan a matsayin Sa\'adu.

Asalin matsalar shi ne, a harshen SQL, alamar da muke rubuta hamza da ita ce ke buɗe zance ta kuma rufe shi. Domin kada ta yanke suna biyu, tsofaffin manhajojin PHP kan jingina mata karkatacciyar sanda (\) da kansu. An soke wannan tsari a PHP 5.4 cikin 2012, amma sandunan da suka riga suka shige rumbuna suna nan kwance.

Neman sandar kuwa yana da nasa tarkon. A MySQL, idan tambayar daidaito (=) aka yi, sanda biyu ake rubutawa domin a sami ɗaya, saboda sau ɗaya ake tace zancen. Idan kuwa kamanni ake nema da umarnin LIKE, sai an rubuta huɗu: mai karanta umarni ya rage su zuwa biyu, mai gwada kamanni ya mayar da su ɗaya. Wanda ya rubuta biyu a nan ba zai ga gargaɗi ba. Shiru kawai zai samu, ya ɗauka babu sunan.

A ganina, kuskure ne manazarta Hausa su bar wannan batu ga masana kwamfuta kaɗai. Hamza harafi ce a ƙa'idar rubutunmu. Tana cikin ma'aikaci da sana'a. Wasu kan ce a jefar da ita a huta, a rubuta Saadu. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, domin ba'a da baa ba ɗaya ba ne.

Magani na nan: masu gina manhaja su riƙa miƙa suna daban da umarni, a tsabtace tsofaffin rumbuna, sannan sassan Hausa na jami'o'inmu, tun daga Jami'ar Bayero, su duba amfani da harafin Unicode U+02BC, wanda SQL ba ya ɗauka a matsayin alamar zance. Bai kamata albashin lebura ya rataya a kan sanda ɗaya ba.